Idan magani ne ya kwance wa mutum linzami

Wata Hajiya da ta saba karɓar wa maigidanta magani a kantinmu ta jira ran nan har layi ya watse, sannan ta rage murya ta ce, "'Yata, Alhaji ya fara caca." Dattijo ne da ya haura sittin, bai taɓa sanin ƙofar gidan caca ba, amma cikin wata huɗu cacar ƙwallo ta waya ta cinye kuɗin hayar shagonsa. An yi ruƙiyya, har an fara zargin sammu. Da na duba takardarsa sai na ga wata shida ke nan likita ya ɗora shi a kan pramipexole saboda cutar makyarkyata, wato Parkinson.

Kasa kame kai larura ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani. Mutum zai ji abu na tunzura shi, ya san akwai illa, ya aikata, ya ɗan ji sanyi, sannan nadama ta biyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya satar abin da mutum ba ya buƙata, da cinna wuta, da fushin da ya wuce kima, da jarabar jima'i a wannan rukuni. Yawancin masu larurar ba magani ne ya jawo musu ba. Sai dai nau'in da magani ke haddasawa shi ne iyalai suka fi kasa ganewa, alhali ya fi saurin gyaruwa.

Magunguna irin su pramipexole da ropinirole suna kwaikwayon dofamin, sinadarin da ke taimaka wa motsin jiki, kuma shi ne ke sa ƙwaƙwalwa ta ji daɗin abu ta ce a ƙara. A wani binciken masu Parkinson sama da 3,000 da aka wallafa a 2010, kusan kashi 17 cikin 100 na masu shan irin waɗannan magunguna sun faɗa caca, ko sayayya ba ƙaƙƙautawa, ko cin abinci babu tsayawa, ko yawan sha'awa. Danginsu bromocriptine da cabergoline, da ake ba matan da sinadarin ruwan nono ya hana su ɗaukar ciki, su ma sukan yi haka, ko da yake ba sosai ba. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta yi irin wannan gargaɗi a kan aripiprazole. Laifinmu ne mu masu ba da magani: muna faɗin jiri da tashin zuciya, muna jin nauyin ambaton caca.

Kada a tsayar da maganin kwatsam, domin yin haka na jawo fargaba, ƙunci da tsanantar ciwon. A koma wurin likitan da ya rubuta, a faɗa masa komai ba kunya, ya rage a hankali ko ya canza. Kafin nan wani amintacce ya riƙe katin cirar kuɗi. Wanda tasa ba ta magani ba ce, zaman gyaran tunani da ƙwararre ne ginshiƙi, wani lokaci a haɗa da fluoxetine ko naltrexone. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, Aro da Kaduna suna duba irin wannan.

Hajiya ta dawo bayan wata biyu da sabuwar takarda. Cacar ta tsaya, hannun Alhaji ya ɗan ƙara rawa, bashin kuwa 'ya'ya na biya kaɗan-kaɗan.