Daga Adar zuwa Dawanau: Makomar Karin Harshe a Garin Gefen Birni

Cin rani tsohuwar al'ada ce a jihar Tawa. Da an gama girbi, mazan Buza da Keita da Madawa sukan kama hanyar Kano ko Abijan, su dawo kafin saukar damina. Irin wannan tafiya ba ta cika taɓa harshen mutum ba, domin ɗan cin rani a wajen 'yan garinsu yake sauka, da su yake kwana, da su yake hira. Wanda harshensa yake shiga wani hali shi ne magidancin da ya kwashe iyali ya tare a ƙaramin gari na gefen birni, kamar Dawanau da ke bakin Kano a kan hanyar Katsina, inda babbar kasuwar hatsi take jan fatake daga Nijar. Haya ta fi sauƙi a can, amma babu taron 'yan gida da zai yi wa maganarsa garkuwa. Maƙwabcinsa ɗan ƙasa ne, haka mai shago, haka malamin allon 'ya'yansa.

Hausar da ya zo da ita ta yamma ce. Ta Buza da Keita ita ce Adaranci, wadda Bernard Caron ya bayyana nahawunta a littafin da ya wallafa a 1991. Ta Madawa kuwa ta fi karkata ga Gobiranci. Mai wannan kari cewa yake hwara da tahi a gurbin fara da tafi, biyat a gurbin biyar, ɗiya a gurbin 'ya. Yana riƙe da zamna da sabro, siffofin da suka girmi zauna da sauro, domin sashen Dokar Klingenheben da ya mayar da baƙin leɓe wasali a ƙarshen gaɓa bai kai yamma ba. Dirkarsa na da ta ce, ba ne da ce ba. A shuɗaɗɗen lokaci na biyu kuma yana cewa munka zo, yat tahi.

Waɗannan siffofi ba sa zubewa a lokaci ɗaya. Kalmomin aro ne farkon tafiya, tun da su ne suke hana fahimta: lakwal ta Faransanci dole ta ba makaranta wuri. Lissafin kuɗi ya fi gaggawa. A Nijar dala tana nufin sefa 5, jikka kuma sefa 1,000, alhali jakar Kano naira 200 ce, kuma ɗan kasuwar da ya yi sakaci da wannan bambanci aljihunsa ne zai gaya masa. Daga nan sai sautukan da kunne yake saurin kamawa, irin su hw, waɗanda yara suke kwaikwaya don tsokana. Peter Trudgill ya yi bayanin haka a littafinsa na 1986 kan cuɗanyar kare-karen harshe: mai magana yakan fara gyara siffar da ya san ana lura da ita. Nahawu da karin sauti su ne masu taurin kai. Sai ka ji dattijo ya iya fara sarai, amma munka tana nan daram.

Abin lura kuma, Bakano bai cika bambance Ba'adare da Basakkwace ba. Wani lokaci ma Buzu yake kiransa don kawai daga Nijar ya fito, ko da bai san kalma ɗaya ta Tamashek ba.

Ga yara lamarin ya sha bamban. Binciken da Paul Kerswill da Ann Williams suka yi a Milton Keynes, sabon garin da aka kafa a 1967 a arewa da Landan, ya nuna cewa ƙananan yara sukan fara da maganar masu renonsu, amma suna tasawa sai su koma ga ta abokan wasa. A can baƙi ne suka yi rinjaye, shi ya sa aka samu gaurayen kari. A Dawanau kuwa ɗan Ba'adare tsiraru ne a tsakiyar Kanawa, don haka babu wani gauraye da zai fito. Kananci zai ɗauka ɗungurungum. Uwa, musamman idan ba ta cika fita ba, ita ce takan daɗe da Adarancinta, sai gida ɗaya ya zama da baki uku: nata, da na miji mai gauraye, da na 'ya'ya.

Ranar da aka je ganin gida a Keita, kaka za ta tambayi jikanta yaushe sunka taso, shi kuwa ya amsa mata da jiya muka taso.