Masara Ta Zama Roba A Amurka

A cikin 1997 ne manyan kamfanoni biyu na Amurka, wato Cargill mai cinikin hatsi da Dow mai sarrafa sinadarai, suka haɗa jari don yin roba daga masara maimakon man fetur.

Akan fitar da sukari daga masarar, a sa shi ya yi tsami, daga tsamin nan ake samun robar da ake kira PLA. Masana'antarsu ta Blair a Jihar Nebraska ta fara aiki cikin 2002. Dow ya janye a 2005, sannan kamfanin PTT na Tailan ya sayi rabin jarin a 2011.

Amma fa robar ba ta saurin ruɓewa a juji, sai a wurin haɗa taki mai zafi ƙwarai.