Maganin Ciwon Daji da Ƙwayoyin Jinin Majinyaci

A ƙasar Adar, kamar sauran ƙasar Hausa, ana kiran wannan cuta daji ko sankara. Kafin a bayyana sabuwar hanyar maganinta, wajibi ne a rarrabe abubuwa biyu da aka saba kira da suna ɗaya, watau ƙwayar halitta. Na farko shi ne ƙwayar jiki, wadda da ire-irenta aka gina jini da tsoka da ƙashi. Na biyu kuwa ƙwayar gado ce, wadda ke cikin ta farkon tana ba ta umurni. Daji yakan tashi ne idan umurnin ya lalace, ƙwayoyin jiki suka dinga hayayyafa ba tsayawa.

A hanyar da ake kira CAR-T, akan ɗebi jinin majinyaci a tace fararen ƙwayoyi masu suna T, waɗanda su ne dakarun jiki. Sai a dasa musu wata ƙwayar gado da za ta sa su gane alamar da ke jikin ƙwayar daji. Bayan an yawaita su har miliyoyi, sai a mayar da su ta jijiya, su farauci cutar.

Zelig Eshhar ya aza harsashin wannan dabara a Isra'ila a 1989. A 2017 Amurka ta amince da maganin farko, Kymriah, a kan dala 475,000. A 2023 Indiya ta fito da nata, NexCAR19, wanda kuɗinsa kusan ushirin wancan ne. Amma nasarar ta fi yawa ga dajin jini. Dajin da kan yi ƙari, kamar na nono da na bakin mahaifa, bai sallama ba tukuna. Haka kuma maganin kan jawo zazzaɓi mai tsanani da faɗuwar bugun jini, sai an tsare majinyaci a ɗakin kulawa ta musamman.

Majinyacin Bambeye dai hanyarsa ita ce babban asibitin Tawa, daga nan Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500, inda cibiyar yaƙi da daji ta ƙasa ta fara ƙona ƙari da haske a 2021. Abin da ya fi ceton ransa shi ne zuwa asibiti da wuri. Saboda haka tsayar da waɗannan kalmomi biyu yana da amfani, domin kada mutum ya sayar da gonarsa ya sayi wani garin magani a kasuwa don kawai an laƙaba masa sunan ƙwayar halitta.