Motar da aka sauya wa inji tana zafi: abin dubawa kafin a biya kuɗi

'Yan kasuwa da dillalan mota, ga magana. Sau da yawa akan ɗauki akori-kura irin Peugeot 504, a ƙara mata sipirin, a ɗora inji mafi girma, amma a bar mata lagireton asali. To, babban inji zafinsa babba ne, ƙaramin lagireto ba zai iya da shi ba. Sai a yi lodin tumatir, mota ta tafasa a hanya, kaya su ruɓe.

Mu dai shawararmu a fara da mai araha, wato murfin lagireto. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana matse shi har ya kai wajen 120 bai tafasa ba. In robarsa ta mutu, shi ke nan. Kada a buɗe shi inji na da zafi, yana ƙona fuska. Sannan a duba fanbel da tiyo. Ruwan rijiya kuwa yana barin dattin da ke toshe hanyoyin lagireto.

Wasu makanikai sukan cire tamostat su ce an gama. Mu ba mu yarda ba, ɓoye cuta ne kawai. Maganin shi ne lagireto daidai injin.

Dillali, kafin ciniki zaro sandar baƙin mai. In ka ga ya yi fari kamar koko, ko lagireto yana kumfa an tayar da inji, galibi gaskit ya ƙone. A cire kuɗin gyaransa daga farashi.