An gama biyan bashin jinya, tsimi ya koma cin jikin masu makoki

A Assakio, garin manoma da ke kan hanyar Lafiya zuwa Shendam a Jihar Nasarawa, bashi yana da lokacinsa kamar ruwan sama. Ana cin sa da damina domin taki da maganin feshi da kuɗin 'yan ƙwadago, a biya da kaka idan an kaɗe riɗi, an haƙe doya, shinkafa ta shiga buhu. Wannan kowa ya saba da shi, bashi hanji ne. Wanda ke karya gida shi ne bashin jinya, wanda bai san damina ba, bai san rani ba. A yi wata da watanni ana zarya tsakanin gida da asibiti a Lafiya, wani lokaci har Jos ko Abuja, a sayar da awaki, a jinginar da gona, a karɓo na dangi da na maƙwabta, daga ƙarshe mai ciwon ya cika. Sai a dawo gida da gawa, ga kuma jerin sunayen masu bin kuɗi.

Ba Assakio kaɗai ba ce. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai-tsaye. Sai dai mutanen wannan gari sun san haɗuwar rashi da bashi fiye da yadda za a ba su labari, domin bayan rikice-rikicen 2012 da 2013 gidaje da dama sun sake gini da kuɗin aro tun hawaye bai bushe ba.

Mutanenmu kuwa ba sa wasa da bashin mamaci. A Musulunci ba a raba gado sai an fitar da shi, kuma a gidajen Kirista ma babu mai son a riƙa ambaton sunan mahaifinsa a bakin mai bin bashi. Don haka iyali su ɗaure ciki shekara guda ko biyu, a rage cefane, a daina ɗinki, a tura kowane sisi wurin masu shi. Ranar da aka biya na ƙarshe a yi hamdala, dangi su yi barka, kowa ya kama gabansa. A bakin jama'a labarin ya ƙare ke nan. Mu da ke tsaye a bayan kanta muna miƙa magani, daga nan muke fara ganin wani sabon abu.

Lokacin da bashin yake nan, shi ne ya riƙe zuciya. Kullum akwai lissafin da za a yi, akwai wanda za a je a ba haƙuri. Da ya ƙare, sai gida ya yi tsit, baƙin cikin da aka ɗage ya dawo ya zauna. Wasu a lokacin ne suke fara kukan da ba su samu sararin yi ba ranar jana'iza. Sannan ga tsoro. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, shi ya sa mutum yakan ci gaba da matse kansa kamar har yanzu ana bin sa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: jin nauyin kashe kuɗi a kan kai. Mace ta ga kamar cin amana ne ta sayi nama ko sabon zane alhali mijinta yana ƙasa.

Akwai wata baiwar Allah daga Assakio, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da ta daɗe tana sayen maganin hawan jini a wurinmu idan ta shigo Lafiya. Mijinta ya yi jinyar shanyewar ɓarin jiki kafin ya rasu, ita da 'ya'yanta suka biya abin da ya bari har ƙarshe. Bayan nan sai ta koma sayen ƙwaya 10 maimakon 30. Na ce, “Mama, goma ai ba za ta kai ki wata ba.” Ta ce, “'Yata, tana kai ni. Sai na ji kaina ya yi nauyi nake sha. Na yi wa kaina alƙawari, ba zan sake tsayawa ƙofar kowa neman rance ba.” Da muka auna, jininta ya haura 180 bisa 110. Ciwon da ya kwantar da mijinta, ya jefa su bashin, shi take kira da hannunta, kuma da sunan gudun bashi.

Hawan jini ba ya sallama. Kusan mutum ɗaya cikin uku na manya a ƙasar nan yana da shi, da yawa kuma ba sa jin komai har sai ya taɓa ƙwaƙwalwa ko zuciya ko ƙoda. Jiran ciwon kai kafin a sha magani ba dabara ba ce. Magunguna irin su amlodipine ana shan su ne kullum, ko an ji lafiya ko ba a ji ba. Masu shan atenolol ko propranolol su ƙara kula, domin daina su farat ɗaya yana iya sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ƙirji ya yi ciwo. Raba ƙwaya biyu don ta daɗe ma yana da nasa haɗarin. Akwai nifedipine da aka yi ta don ta riƙa narkewa a hankali cikin yini, idan aka fasa ta sai maganin ya fita gaba ɗaya, jini ya faɗi, mutum ya ji jiri, anjima kuma ya sake hawa. Mai shan methyldopa, wanda aka fi sani da Aldomet, idan ya ga damuwarsa tana ƙaruwa ya gaya wa likita, saboda maganin kansa yana iya ƙara nauyin zuciya, kuma akwai waɗanda za a iya musanya shi da su.

Masu ciwon suga nasu ya fi gaggawa. Wanda ke shan glibenclamide ko yake allurar insulin, ya kuma koma cin abinci sau ɗaya a yini, ko don tsimi ko don bakinsa ba ɗanɗano, sugansa na iya faɗuwa. Alamar ita ce gumi da karkarwa da ruɗewa, wani har ya suma. A gidan makoki sau da yawa akan ce tunani ne ya yi masa yawa, a yi ta fifita. Idan yana iya haɗiya, a ba shi ruwan da aka jiƙa sukari cokali uku ko lemon kwalba, ya ci abinci a kai, sannan a kai shi asibiti. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai, a tafi da shi kawai.

Baƙin ciki kansa yana taɓa jiki, ba maganar fatar baki ba ce. Wani bincike da masana a birnin Boston na Amurka suka wallafa a 2012, kan mutum kusan 2,000 da suka yi bugun zuciya, ya gano cewa haɗarin yana ninkawa kusan sau 21 a ranar farko bayan rasuwar makusanci, ya tsaya wajen ninki 6 a makon farko, sannan ya riƙa sauka. Ga mai lafiyayyar zuciya abin ba mai yawan faruwa ba ne, amma ga mai hawan jini ko suga, lokacin rashi shi ne mafi munin lokacin ajiye magani.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, kuɗin da aka hana maganin gaske yakan tafi ne wurin na banza. Jiki yana ciwo saboda rashin barci, sai a sayi haɗin da ake ƙullawa a leda a tasha ko a kasuwa, galibi da diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam a ciki, wani lokaci biyu a haɗe. A sha a cikin da babu abinci. Waɗannan suna kawo gyambon ciki, suna ƙara hawan jini, suna gajiyar da ƙoda. Barci ya ƙi zuwa, sai maƙwabciya ta kawo diazepam ko Lexotan. Dare biyu ko uku bisa umarnin likita wani abu ne, amma cikin 'yan makonni jiki yake sabawa da su, ya zama ba a barci sai da su, ga yawan faɗuwa ga tsofaffi. Ƙwayar barci ba ta rage kewa ko kaɗan, tana ɗage ta ne zuwa safiya.

Ba ina kushe tsimi ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kamfanin GSK kuma ya sanar a watan Agustan shekarar cewa zai daina harkarsa kai-tsaye a Najeriya, mun ga yadda farashin magunguna irin su Ventolin da Augmentin ya yi tashin gwauron zabo. Wanda ya fito daga bashi a irin wannan yanayi ya yi daidai da ya riƙe aljihunsa. Tambayar ita ce ina za a sa wuƙa.

A fannin magani, wurin ragi na gaskiya shi ne sunan kamfani. Ku tambayi mai haɗa magunguna ko akwai irinsa mai sauƙin kuɗi. Amlodipine sunan maganin ne, kamfanoni da yawa suna yin sa, kuma bambancin farashi tsakaninsu yakan yi nisa. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a saya a kantin da ke da rajista, ba a faranti cikin rana ba. A kuma kwashe duk magungunan da ake sha a kai wa likita, a gaya masa gaskiyar aljihu ba tare da kunya ba. Sau da yawa a ciki akwai maganin ƙarin jini ko na ƙarin kuzari mai tsada da za a iya ajiyewa, a bar wanda rai ya dogara da shi. Sannan akwai inshora. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa, Jihar Nasarawa kuma tana da hukumarta, NASHIA, mai tsari na masu sana'ar hannu da manoma, ban da tallafin marasa ƙarfi da ake bi ta asibitocin matakin farko. Tsarin yana da nasa jinkiri da ƙorafe-ƙorafe, amma ga gidan da jinya ɗaya ta cinye wa gona, ya cancanci a je a tambaya.

Abinci kuwa, mutumin Assakio ba shi da dalilin zama da yunwa da sunan tattali. Wake da gyaɗa da riɗi da waken suya da zogale da busasshen kifi duk suna gina jiki, kuma ba su kai nama tsada ba. Matsalar mai makoki ba tsadar ba ce kawai, girkin ne ba ya so, musamman wanda ya saba ci da wani. Shayi da burodi safe da dare ba abinci ba ne. A dafa ko kaɗan ne, a ci tare da yara ko maƙwabta. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, domin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta bai kai giram 5 na gishiri a yini ba, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen. Daddawa ta wadatar.

Abu na uku da tsimi ke yankewa, bayan magani da abinci, shi ne mutane. Za a daina zuwa suna da biki saboda babu kuɗin anko ko gudunmawa, a daina sa kati a waya, a fita daga adashi. A hankali ƙafa ta ɗauke daga gidan. Anko dai a bar shi, babu wanda ya taɓa kwanciya asibiti don bai yi anko ba. Amma a je a gaisa, ko da hannu biyu ne. Wanda ya san abin da ya same ku ba zai ƙirga abin da kuka kawo ba, wanda zai ƙirga kuwa ba don shi kuka je ba. Adashi ƙarami da aka ware don magani da rashin lafiya ya fi kuɗin da aka ƙulle a bakin zane ana jin tsoron taɓawa. Mata masu takaba kuma su sani, wata 4 da kwana 10 ba su hana zuwa asibiti ba, malamai sun yarda da fita don lalura.

Kewa ba cuta ba ce, kuma ba ta da ranar ƙarewa. Amma tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa baƙin cikin rashi mai tsawo cikin jerin lalurorin da ake dubawa a asibiti: wanda ya wuce aƙalla wata 6 yana nan da zafinsa na farko, ya hana mutum sana'a da kula da kansa da iyalinsa. Idan aka ga rama mai yawa, ko rashin barci na makonni, ko mutum ya fara cewa gara ya bi mamacin, kada a tsaya kan “a yi haƙuri” kawai. A haɗa addu'a da ganin likita, maganar bin mamaci kuma a ɗauke ta da gaske a ranar da aka ji ta, kada a bar shi shi kaɗai. Ciwon ƙirji, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, waɗannan na gaggawa ne, ba sa jiran gari ya waye.

Ku kuma 'ya'ya da ƙanne da ke zaune a Lafiya ko Abuja ko Kano kuna aika kuɗi gida, ku sani iyayenmu sun iya cewa “lafiya lau” a waya. Kuɗin da kuka tura don magani yana iya kasancewa a ƙarƙashin katifa, an ajiye shi saboda tsoron wata rana. Gara ku sayi maganin wata guda ku aika da shi, ko ku biya kantin da take saye kai-tsaye. Idan kun je gida, bayan gaisuwa ku ce, “Mama, kawo maganinki in gani.” Ku tambayi ranar da aka saya, ku ƙirga abin da ya rage a katin. Idan na kwana 30 ne, an yi kwana 20, kuka tarar da ƙwaya 22, to ku sa ta a gaba zuwa awon jini kafin ku koma.