In Babu Magini, Wa Zai Gyara Soron Kakanni?

Ran Jumma'a, 11 ga watan Agusta na shekarar 2023, jama'a na cikin sallar La'asar a babban masallacin Jumma'a na birnin Zariya, sai wani sashe na ginin ya rufto musu. Waɗanda suka rasu ba su kasa mutum bakwai ba, wasu da dama kuma suka ji raunuka. Allah Ya jiƙansu da rahama. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya bayyana cewa kwana guda kafin nan an ga tsaga a jikin bangon, ana cikin shirin kirawo masana su duba ke nan abin ya auku.

Hasarar rayuka ita ce babba, babu abin da zai maye gurbinta. Amma akwai hasara ta biyu, domin ginin da ya rushe ɗin nan ya kusa shekara 190 a tsaye, kuma masana gine-gine na duniya suna lissafa shi cikin mafiya kyawun abin da aka taɓa ginawa da ƙasa a Afirka ta Yamma. Tun daga ranar mutane suka rabu biyu. Wasu na cewa ginin ƙasa ya gama zamaninsa, a rushe a sa siminti a huta. Wasu kuwa na cewa a gyara, a bar wa 'yan baya abin da za su gani. Kafin mai karatu ya zaɓi ɓangare, ya kamata ya san yadda ake yin ginin nan, da abin da ke riƙe da shi, da kuma abin da ke kashe shi.

AIKIN BABBAN GWANI

An gina masallacin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin da ya shugabanci aikin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, har yau kuma akwai unguwa mai wannan suna a cikin birnin. Ba a Zariya kaɗai ya bar aikinsa ba. Ana danganta masa gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauci, wanda ke cikin gine-ginen farko da Gwamnati ta sa cikin jerin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Tsofaffi ma na ba da labarin wai da ya gama wani masallaci a Birnin Gwari sai aka hallaka shi, don kada ya je ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi. Ko labarin ya tabbata ko bai tabbata ba, yana nuna irin darajar da gwanin magini ke da ita a wancan zamani.

Abin mamaki a aikinsa shi ne kayan da ya yi amfani da su. Babu ƙarfe, babu siminti, babu takardar zane. Ƙasa ce, da ruwa, da ciyawa, da itacen giginya.

Da farko akan haƙo jar ƙasa mai ɗan tsakuwa, watau birji, a jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini na zaune bisa bango, yaransa na jefo masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa, yana cafewa yana jerawa. Bangon kan yi kauri ƙwarai a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa, don haka nauyinsa a kansa yake zaune.

Rufi shi ne wurin da ake gane gwani. Akan tsaga kututturen giginya a fitar da azara, itace mai tauri wanda gara ba ta cinsa da sauƙi. To, amma azara guda ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida. Dabarar da magina suka ƙago ita ce baka. Sai su kafa azara cikin bango tana ɗan karkatowa ciki, su ɗaure wata a kanta ta ƙara miƙowa, su bi da ƙasa, a bar ta ta bushe, sa'an nan a ƙara wata, har na wannan bango ya sadu da na wancan a tsakiya. In bakuna suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tulluwa, shi ne ɗaurin guga. Da wannan dabara Babban Gwani ya rufe fili mai ɗaukar sahu-sahun masallata, bakuna na tasowa daga manyan ginshiƙai suna buɗewa sama kamar rassan itace, an kuma yi wa jikin ginshiƙan zane mai zurfi.

Sai kuma maganin ruwa. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Rufi kuwa akan dalaye shi da laso, watau haɗin katsi na karofi, da gashin jima na majema, da ruwan dafara. Indararo na fitar da ruwan sama nesa da bango, zankwaye kuma na tsaye a kusurwoyi. Mai karatu zai lura cewa gini guda ya haɗa sana'ar magini, da ta marini, da ta majemi, da ta mai saran itace.

ABIN DA KE KASHE GININ ƘASA

Ginin ƙasa kamar dabbar kiwo yake, kullum yana bukatar mai duba shi. A da, da zarar kaka ta wuce sai mai gida ya kirawo magini ya hau soro, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe, a gyara bakin indararo. Kafin damina kuma a sake dubawa. Ganuwar gari ma haka, Sarkin Magina ne ke tsara aiki, unguwa-unguwa da ƙauyuka kowa da rabonsa. Ginin da ake yi wa haka yana iya shekara ɗaruruwa. Wanda aka yi wa sakaci damina uku ko huɗu kuwa, ruwa zai sami hanya, azara ta ruɓe a ɓoye cikin ƙasa, wata rana sai a ji rugugi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani abin da ke cutar tsofaffin gine-gine shi ne gyaran da ba na gwani ba. Mutane da yawa kan shafe bangon ƙasa da siminti, suna zaton sun ba shi kariya ta har abada. Alhali siminti ba ya kama ƙasa sosai, kuma ba ya barin danshi ya fita. In ruwa ya shiga ta wata 'yar kafa sai ya maƙale a ciki, bango ya yi ta jiƙewa a bayan fuska mai kyawun gani, har ranar da simintin zai ɓamɓaro da rabin bangon.

Kayan aikin ma sun yi wuya. Giginya na ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ana sarewa kuma ba a shukawa. Karofi sun ragu, saboda haka katsi ya ragu. Kududdufan da ake haƙar ƙasa an cike su an yi gidaje. Mafi muni duka, 'ya'yan magina sun ga sana'ar ba ta kawo abinci, sun koma aikin bulo ko sun bar gini ɗungum. Duk gwanin da ya rasu bai koya wa kowa ɗaurin guga ba, ya tafi da abin da babu shi a littafi.

ƘOƘARIN DA AKA YI

Ba a zauna haka kawai ba. Cikin shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na kankare a Zariya, aka lulluɓe babban ɗakin sallar Babban Gwani a cikinsa, ko da yake an rasa wasu sassan tsohon ginin na waje a wajen wannan aiki.

A Jos kuwa, wani masanin gine-gine mutumin ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, wanda ya yi shekaru yana zagaya Nijeriya yana auna tsofaffin gine-gine yana zana su, ya jagoranci kafa gidan adana gine-ginen gargajiya kusa da gidan tarihi na Jos. A can aka kwaikwayi masallacin Zariya, da wani sashe na ganuwar Kano, da fadar Katsina, da ƙasa da azara, da hannun magina na gargajiya. Ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i uku kuma ya fito a 1990. Awon da ya yi ya zama abin dogaro ga duk mai son mayar da irin waɗannan gine-gine yadda suke. Sai dai kwaikwayon na Jos shi ma ƙasa ne, ruwan Jos kuma ba kaɗan ba ne, don haka shi ma ya sha fama da rashin kuɗin gyara.

A 1979 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa. A Kano an mai da Gidan Makama gidan tarihi, haka kuma Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna. Amma ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu wajen shekara 900 da suka wuce, ta ga ta kanta. An ci wurare da yawa nata da gidaje da shaguna, an kwashi ƙasarta an yi gini, wasu ƙofofin kuma an rushe su don faɗaɗa hanya aka sake gina su da siminti. Doka na iya hana rushewa a takarda, amma doka ba ta yin yaɓe.

DARASI DAGA ƘETAREN IYAKA

Wanda ke zaton ginin ƙasa ya mutu, sai ya dubi abin da ya faru a ƙasar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. A ƙauyen Yama, cikin 1962, jama'a suka ɗora wa wani magini, Falke Barmu, aikin gina musu masallacin Jumma'a. Kowa ya kawo abin da yake iyawa, wani tubali, wani ruwa, wani itace, wani hatsi. Daga 1975 ya sake komawa kan ginin, ya gyara rufi da bakuna da tulluwa, ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da irin surarta. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda manyan masu zanen gini na duniya ke nema.

Har ila yau a wannan yanki, mutanen Dandaji sun so su rushe tsohon masallacinsu na ƙasa su gina na siminti. Wata mai zanen gine-gine 'yar Nijar, Mariam Issoufou Kamara, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar ƙasar Iran, suka kawo wata shawara. Aka gyara tsohon masallacin aka mai da shi ɗakin karatu, aka kuma kirawo maginan da suka gina shi tun farko su sa hannu a gyaran. A gefensa aka gina sabon masallaci babba da bulon jar ƙasar wurin, wadda ake matsewa da inji ba tare da an gasa ba. An gama aikin a 2018. Tsoho bai faɗi ba, sabo ya tashi, maginan gari kuma sun ƙaru da sabuwar dabara.

Abin lura a nan shi ne, a Yama da Dandaji duka magini aka fara nema, kuma jama'ar da za su yi amfani da ginin su ne masu shi.

SAURAN AIKI

Wannan magana ta shafi 'yan kasuwa da ma'aikata mazauna Agege, da Sabo ta Ibadan, da sauran garuruwan Kudu, waɗanda ke aika kuɗi gida don a yi musu gini. Sau da yawa abin da ake fara yi shi ne a rushe zauren kaka, a ɗora bulo da kwano. In bazara ta zo, ɗakin kwanon nan ba ya shiguwa da rana sai da fanka, fanka kuma sai da wuta. Soron ƙasa mai kaurin bango kuwa yakan tsare zafin rana da yini, ya riƙe ɗumi da daren hunturu, ba da ko kwabo ba. Ba wanda ya ce a ƙi siminti ɗungum. Ana iya yin harsashi da dutse da siminti don danshin ƙasa kada ya hau, a ɗora bangon ƙasa, a fitar da ruwan rufi nesa. In ma sabon gida za a yi na zamani, ba dole ne a rushe tsohon zaure ba.

Ga hukuma kuma, abin da ya fi muhimmanci shi ne kuɗin gyara na kowace shekara, komai ƙanƙantarsa, maimakon jiran gini ya faɗi a kafa gidauniya. Ya kamata duk wani tsohon masallaci ko fada da jama'a ke taruwa a ciki a riƙa duba shi kafin damina da bayanta, magini na gargajiya da injiniya tare, in an ga alamar haɗari kuma a rufe wurin nan take har a gyara. Kyawun gini bai kai ran mutum guda ba. Sassan koyar da zanen gini na jami'o'i, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da makarantun koyon sana'a, suna iya ɗaukar sauran gwanayen da ke raye su koyar, a biya su kamar kowane malami. A kuma shuka giginya da ɗorawa, ko da wanda ya shuka ba shi zai sara ba.

Masallacin Zariya ya tsaya kusan shekara 190 ne saboda zuriya bayan zuriya ta magina sun san inda za su sa hannu. Takardun awo suna nan, hotuna suna nan, ƙasa ma ba ta ƙare ba. Gwanayen ne ke ƙarewa, yawancin waɗanda suka rage kuma furfura ta riga ta cika musu kai.