Bayani A Kan Sa Wa Iyaye Tsofaffi Intanet A Gida Ba Da Tsada Ba

 

Ya kai mai karatu, ka sani mutanen da sun ce zumunta a ƙafa ta ke. To, ga shi zamani ya zo da wani hali: 'ya'ya sun watsu neman ilmi da arziki, wani yana Ikko, wani yana Fatakwal, wani ya ƙetare zuwa Makka ko Ingila, an bar tsoho da tsohuwa a gida, ƙarfi ya ƙare, sai ɗan kuɗin fansho da ba ya kai su ƙarshen wata. Ƙafa ba ta iya kai ɗa wurin mahaifansa kullum, amma muryarsa da fuskarsa suna iya zuwa ta intanet. Saboda haka sa wa iyaye intanet ya shiga babin kyautata musu, wanda malamai ba su gushe ba suna tunatarwa a kansa. Abin dubawa shi ne yadda za a yi shi ba tare da an aza wa mai ƙaramin ƙarfi kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Lalle kayan yana da nauyi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin kome ya tashi. A watan Yuli na 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, alhali da yawa daga cikin 'yan fansho abin da su ke karɓa bai kai haka ba. Sa'an nan a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta yarje wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100. Dattijon da ke lissafin hatsi da magani ba shi da rarar da zai zubar, don haka wajibi ne a yi awo kafin ciniki.

Ɗan kasuwa ba ya sayen buhu sai ya san mudu nawa gidansa ke ci. Ita ma intanet da awo a ke sayar da ita, ana kiran abin da a ke aunawa data. Ƙaramin ma'auninta shi ne megabait, babban kuwa gigabait, wanda ya ke daidai da megabait kamar 1,000. Bisa ƙiyasi, kiran murya ta WhatsApp ba ya wuce megabait 1 a minti guda, kiran da a ke ganin fuska kuwa yana cin kamar 5. In tsohuwa tana ganin jikokinta rabin awa kowace rana, megabait 150 ke nan, a wata ya kama gigabait 4 da rabi. In tsoho yana sauraron tafsiri ko karatun littafi awa guda kullum, murya kaɗai ba hoto, ba zai kai gigabait 2 a wata ba. Ashe gidan mutum biyu irin wannan gigabait 10 zai ishe su. Abin da ke cinye data shi ne kallon hoto mai motsi, domin mai kaifinsa yana iya lashe gigabait guda a awa ɗaya. Kadan akwai yara masu kallo a gidan, to, lissafi ya sake, sai a sa mabuɗin sirri, a san wanda za a ba.

Hanyoyin kai intanet gida huɗu ne. Ta farko ita ce wayar hannu, a saya mata data ta wata, a kunna ta ta raba wa sauran na'urorin gida. Wannan ba ta bukatar sayen kome sabo, illarta ita ce in mai wayar ya fita masallaci ko kasuwa, ya fita da intanet ɗin. Ta biyu ita ce rauta, ɗan akwati da a ke sa wa layin waya, ya zauna wuri ɗaya yana raba wa kowa; akwai ƙaramarta mai batir da a ke kira MiFi. Ta uku ita ce igiyar faiba da a ke ja har cikin gida, tana da ƙarfi da tabbas, amma ba ta kai ko'ina ba sai waɗansu unguwanni na manyan birane. Ta huɗu ita ce ta tauraron ɗan'adam, kamar Starlink wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023. Tana kai wa har ƙauyen da ba shi da turken waya, amma sai an sayi faranti da kayan haɗinsa da kuɗi mai yawa, kuma a 2025 kuɗin watanta ya haura rabin mafi ƙarancin albashi. Ga mafi yawan gidajen 'yan fansho, ta farko ko ta biyu ita ce daidai ruwa daidai tsaki.

Kada a zaɓi kamfani don sunansa ko don tallarsa. Layin da ke gudu a bakin kasuwa yana iya rarrafe a cikin lungu, gama katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna raunana sabis. Sai a ari layin MTN, da na Airtel, da na Glo daga maƙwabta, a gwada kowanne a cikin ɗakin da tsohon ya ke zama, da rana da kuma bayan sallar isha'i, lokacin da jama'a ke yawa a kan layi. Wanda ya ci gwajin shi za a saya, a ajiye rautar kusa da taga. Kuma a tuna da wuta: rautar da ba ta da batir tana mutuwa da zarar an ɗauke lantarki, saboda haka mai batir, ko ƙaramin faifan sola, ya fi janareta sauƙi nesa ba kusa ba.

A wajen ciniki a raba kuɗin da yawan gigabait don a san farashin guda. Galibi sayen na wata ya fi sayen na kullum araha, kamar yadda sari ya fi sayen ɗai-ɗai. A tambayi ranar ƙarewarta, da ko ragowa za ta bi mutum in ya sabunta da wuri. Wadda a ke cewa ba ta da iyaka kuwa, a karanta sharaɗinta, domin sau da yawa in an kai wani adadi sai a rage mata gudu. Tun 2023 lambobin kamfanoni duka iri ɗaya ne: *312# don sayen data, *323# don duba ragowarta. A rubuta wa tsoho waɗannan a takarda, da boko ko da ajami, a manna a bango. Saƙonnin talla ana tsai da su da aika kalmar STOP zuwa 2442, wanda kamfani ya ƙi sauraron kukansa kuwa yana iya kiran hukuma a 622. Kuma layin ya kasance da rajistar mai shi, haɗe da lambarsa ta NIN, don kada a rufe shi.

Wanda iyayensa ke zaune a ƙasashen waje ya binciki rangwamen da a ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi. A Ingila kamfanoni kamar BT da Virgin Media suna da farashi na musamman ga masu karɓar tallafin tsufa da a ke kira Pension Credit, amma a watan Afrilu na 2023 hukumar Ofcom ta gano kamar kashi 5 cikin 100 kaɗai na gidajen da suka cancanci irin wannan rangwame ke cin moriyarsa, da yawa don ba su ji labarinsa ba. Matambayi ba ya ɓata. A Amurka kuma gwamnati ta yi shirin rage Dala 30 kowane wata, gidaje fiye da miliyan 23 suka shiga, sa'an nan kuɗin shirin ya ƙare aka rufe shi a watan Yuni na 2024, aka bar mutane da cikakken farashi.

Darasin da ke cikin wannan ya shafi kowane gida: kada a gina al'amarin iyaye a kan abin da ba zai ɗore ba. Sayen rauta sau ɗaya ne, ciyar da ita kuwa kowane wata ne. Ya kamata 'ya'ya su zauna su yanke wanda zai riƙa biya, ko su yi karo-karo, su saya wa layin data daga inda su ke, don kada tsoho ya taɓa kuɗin maganinsa, kada kuma kunya ta hana shi faɗa in ta ƙare. Kaɗan mai ɗorewa ya fi mai yawa da za a yanke bayan wata uku. Kuma wanda ya sa wa iyayensa intanet, to, ya riƙa kira, gama don jin muryarsa aka sa ta.

Allah ya sa 'ya'ya su rabu da iyayensu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin. Haza wasalam.